Gashin Cibiya

Sati uku Ramlatu tana ɓoyo
a ƙarƙashin rigar sanyi,
sai da bakin wando ya goge wurin, ya yi ja,
ta ƙwanƙwasa min ƙofa da sha ɗayan dare.

Na ɗaga rigar. Ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe,
da shuɗin dutse kamar idon mage.
Faɗan da ya taso min ya tsaya a maƙoshi.

Mai hudar, a wani shago a nan Leicester, ya rubuta mata:
ruwan gishiri safe da yamma,
kar a juya, kar a cire,
ban da ninƙaya.
Wata shida, wataƙila shekara.

Na tafasa ruwa, na bari ya huce.
Kwanta.

Wannan cibiyar ni na gasa ta,
shekara sha tara ke nan, a ɗakin nan,
Inna tana koya min ta waya daga Malumfashi.
Da ta faɗi, na rasa ƙasar binnewa,
sai na tusa ta a tukunyar na'a-na'ar bakin taga.

"Mama, da zafi."
Na sani.
Na sake jiƙa ƙyallen.
Gobe ma yi faɗan.