Awon Doña Fresia

Shekara ashirin da shida ina zaune,
ina murza sitiyarin bas a titunan Valparaíso,
tumbi na gaba, ni ina biye,
har sitiyarin ya yi mini kanta ƙasan cibiya.
Likita Ulloa bai tsaya wa'azi ba.
Ya dubi takarda, ya dubi wuyana,
ya ce, "Eleuterio, kilo casa'in da bakwai.
Zuciya ba jaki ba ce, daina labta mata kaya."

Na fara da asuba, a bakin teku,
inda masunta ke sauke kifin dare.
Minti biyu na tsaya, na dafe gwiwa,
ƙirji na huci kamar zugazugin maƙeri.
Wani kare mai ƙafa uku ya wuce ni,
ko waiwaye bai yi ba.

Wata uku ina yi: Litinin, Laraba, Asabar.
Duk Asabar sai in hau sikelin kantin magani,
in jefa masa tsaba, ya tofo mini takarda.
Casa'in da biyar.
Casa'in da biyar.
Casa'in da shida!
Na tuɓe takalmi, na kwance agogo,
har makullan gida na ajiye a ƙasa,
ƙarfen nan bai ji tausayina ba.
Na ce ashe gumina nake ta kai wa teku,
ita da ba gishiri ta rasa ba.

Sai ranar da wandon aiki ya zame mini
a gaban fasinjoji, ina miƙa canji.
Na kai wa Doña Fresia, telar tudunmu,
allura a leɓe, tef a wuya,
littafin awonta ya girmi 'yata.
Ta zagaye ƙuguna, ta buɗe shafin bara,
ta gyara tabarau, ta sake zagayewa.
"Yatsa huɗu sun tafi a nan," in ji ta,
"amma cinya ta cika, sha-raɓa ta zama dutse.
Sama zan rage, ƙasa in buɗa.
Kai ba ramewa ka yi ba, ƙaura ka yi:
nama ya tashi daga wannan unguwa ya tare a waccan."

Kada in yi ƙarya, ban koma saurayi ba.
Fatar ciki ta saki kamar aljihun da aka zazzage.
Farcen babban yatsa ya yi baƙi, ya fita a cikin safa.
Kumatu suka faɗa, har mahaifiyata
ta kama haɓata ta ce, "Ciwo ne kake ɓoye mini?"
Ta cika mini kwano da romon kifi, ta ƙara,
ta tsaya a kaina sai da na ga gindinsa.
Ga yunwa kuma, wadda ba wanda ya ba ni labarinta,
mai tashe ni ƙarfe uku in tsaya gaban firji
kamar ɓarawo a gidana.
Da ruwan Yuli ya sauko da sanyinsa
kwana goma sha tara ban fita ba,
kilo biyu suka dawo abinsu,
'yan hayar da ba su taɓa mayar da makulli ba.

Jiya keken hawa tudu ya lalace.
Tukunyar gas a kafaɗa, matakala ɗari da arba'in.
Akwai wani shuɗin benci a tsakiya,
shekara da shekaru nan nake zama
in yi kamar jiragen ruwa nake kallo.
Sai da na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwa
na tuna ban gan shi ba.

Ta buɗe, ta dubi gas, ta dubi hannuna,
ta ce, "Ina burodin?"
Na sauke tukunyar, na juya,
na sauka.