Lamba Shida

A wayar Malam Jabbi mai tsagaggen gilashi
muka fara ganin yaron nan na zanen Japan,
gashinsa tsaye kamar bushiya ta ji tsoro.
Ya tashi sama da ƙwallo,
ya daɗe can har shayinmu ya huce,
ya sauko, raga ta kama da wuta.
Mu goma sha huɗu kan waya guda,
kai bisa kai, kamar kaji sun ga tsaba.
Arzika ya yi dariya ya ce,
"Wannan bai taɓa taka ƙaya ba."

Arzika ɗan Bunza, lamba shida,
da gawayi aka zana ta a bayan singileti.
Kafin a kaɗa ƙararrawar safe
ya gama korar tsuntsaye a shinkafar babansa,
laka har gwiwa, ya ɗauraye a famfon makaranta.
Takalmin dama nasa ne,
na hagu aron wani ɗan aji uku,
baduku ya ɗinke masa baki sau biyar
amma bai daina hamma ba.

Bai iya tashi sama ba.
Abin da ya iya, ya san inda kowa yake
ko bai waiga ba.
In ka ɓata wasa ba ya harara,
sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, "Sake."

Ni kuwa ɗan bokiti ne.
Benci ya san ɗumin jikina fiye da fili.

Ranar wasan ƙarshe a Birnin Kebbi
muka tafi cikin kanta, tsaye, muna riƙe da juna.
Ɗaya da ɗaya, saura minti uku,
Labbo ya gurɗe ƙafa, aka waiwayo babu kowa sai ni.
Ban ko yi gumi ba aka busa fanareti.
Duk bakin da ke filin Arzika yake kira.
Ya ɗauki ƙwallon, ya goge ta da rigarsa,
ya zo ya danƙa mini
kamar mai miƙa jariri ranar suna.

Na buga.
Ta tashi, wallahi ta tashi,
irin tashin yaron Japan,
sai dai ita ba ta san hanyar saukowa ba.
Ta haure sanda, ta haure katanga,
aka ce kan tiren mai rake ta faɗa.
A ƙarin lokaci suka zura mana biyu.

Har Kalgo babu wanda ya yi tari.
Na cusa kaina cikin bokitin da babu ruwa.
Sai na ji kafaɗa ta jingina da tawa,
an karya ƙuli gida biyu.
Na ce, "Don me ni?"
Ya ce, "Wata uku kana dukan bangon aji shida
bayan kowa ya watse.
Ka ɗauka bango ne kawai ke gani?"
Ya tauna, ya haɗiye.
"Gobe bayan la'asar. Ka zo da wuri."

Shekara goma sha tara ke nan.
Ina gyaran waya a kasuwar Jega,
yara kan kawo mini nasu, in kunna,
in tarar yaron nan yana nan a sama,
bai tsufa ba, gashinsa bai kwanta ba.

Arzika gwiwa ta hana shi gudu.
Yana fadama da injin ban-ruwa,
da yamma ya ɗingisa zuwa bayan firamare
inda 'yan ƙanana ke bin ƙwallon tsumma.
Na bi ta wajen ran Talata a kan babur,
ban tsaya ba, ina sauri,
wani yaro ya buga ta faɗa kwata,
na ji tafi ɗaya daga gindin darbejiya.
Ƙafata ta dama ta motsa da kanta,
har na taka birki ban sani ba.