Aron Ruwa

Babana Barau ginin rijiya ya yi
har ƙugunsa ya ƙi miƙewa.
Daga Kawo zuwa Rigacikun
babu unguwar da bai sauka cikinta ba da igiya a kwankwaso.
Yakan ce, sama ce mai saurin fushi,
ƙasa ba ta ƙirga wata.
In ka sauka gaba goma,
Maris da Disamba ɗaki ɗaya suke kwana.

Ban gane ba.
Ni dai na san guga da asubar sanyi,
ruwa ya fito da ɗumi kamar wani ya kwana rungume da shi,
kuma gugan nan dai, a tsakiyar bazara,
sanyinsa har cikin haƙori.

Yanzu gadi nake yi a ɗakin haihuwa na Hayin Banki.
Bara wata injiniya, Kasham, ta zo da motar haƙa,
ta huda ƙasa wuri biyu,
ɗaya bayan ɗakin magani, ɗaya can gindin darbejiya.
Na ce, ranki ya daɗe,
ƙishirwar wa za ta shanye rijiya biyu?
Ta tura hular kwanonta baya, ta yi dariya:
Baba, ba sha za mu yi ba. Aro ne.
Mu jawo shi ta nan, ya zaga bango cikin bututu,
ya kwashe zafin ɗakin, ya koma gida ta can.
Ko cokali guda ba za mu rage masa ba.
In sanyi ya zo, mu je mu karɓo ajiyarmu.

Na yi shiru. A raina na ce, za mu gani.

Mun gani.
Janaretan da ke tari har asuba ya huta,
gizo-gizo ya yi masa rumfa.
Wani ɗan famfo ne kawai ke gunaguni a lungu,
rana ke ciyar da shi.
A Afrilu kwalta na narkewa a titi,
amma Sista Asabe ta daina fifita da katin marasa lafiya.
A Janairu an haifi bakwaini, bai kai tulun shayi ba,
bango ya ba shi ɗumin da aka ɓoye tun bazara,
ya yi atishawa, ya zauna.

Babana a Afrilu ya rasu,
ƙarƙashin kwano, muna karɓa-karɓa da mafici.
Bai nemi magani ba.
Ya ce a jiƙa masa tsumma da ruwan rijiya,
na ƙasa-ƙasa, ba na randa ba.

Ƙarfe uku na dare, in na gama zagaye,
nakan ajiye tocila in dafa bututun nan.
Sanyin da na sani ne:
na tafin hannunsa,
in ya fito daga rami, laka har gira,
ya dafa kaina kafin ya nemi buta.