Daren Kafin Mu Ga Metir

Gobe ƙarfe tara muna gun Metir Gado,
bayan babbar kasuwar Tawa.
Na zazzage gwangwanin Baba Illa bisa tabarma:
katin fansho, takardar garkar albasa da gara ta ɗanɗana,
da ta haihuwa mai cewa "wajen 1946".
Shekarar ma kintace ce.

Tambaya uku na rubuta bayan takardar magani.
Ta huɗun ta ƙi rubutuwa:
ran da ya mance sunana, wa zai sa hannu?

Yana gwada babban yatsa a tafinsa.
"Habsu, gaya mashi iyakar tana gindin aduwa,
ba inda Ɗari ya kafa dutse ba."

Jikka goma na ƙulle a bakin zane.
Shi har ya fara minshari.