Rabin Gidan Uwa

A watan Maris tafkin Baikal kan daskare har mota ta bi ta kansa.
Darima ta durƙusa bakin ramin da Zorigto ya huda,
ta zura kwalba cikin ruwan da yatsa ba ya jurewa,
ta ɗebo abin da ido ya rantse ba komai ba ne.

A Irkutsk, hawa na uku,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari dare da rana,
ta ɗiga ɗigo guda ƙarƙashin madubi.
Sai ga gari:
battoci na gilashi, kowace da murfinta,
kowace da huji-huji a jere kamar an auna da zare,
cikin kowace batta rai ɗaya tal yana zaune.

Mahaifinta shekara talatin yana hura gilashi,
wuta ta cinye masa gira, ta bar masa tari.
Waɗannan kuwa ba maƙera, ba zugazugi.
Sukan tsotsi narkakken yashi daga ruwan sanyi,
su gina a cikin cikinsu,
su turo bango waje idan ya ƙosa.

Wa ya ba su zanen?
Tambayar da ta hana ta aure sau biyu ke nan, in ji yayarta.

Ta bi ƙwayoyin gadonsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
ta kama ɗaya, ta rufe mata baki.
Mako goma sha ɗaya tana jira.
Ranar da ta leƙa,
bango ya tashi, amma hujin ya watse,
nan cunkus, can fili,
kamar ɗinkin ɗan koyo da maigida ya fita ya bari.
Zorigto ya buga tebur don murna.
Ita shiru ta yi.
Ta gano mai riƙe da zaren,
amma sai da ta tsinke shi ta san shi ne.

Akwai abin da ba ta sa a takarda ba.
Idan uwa ta rabu biyu,
'ya ɗaya ta ɗauki murfi, ɗaya ta ɗauki gindi,
kowace ta mai da rabonta murfi,
ta gina sauran a ƙarƙashinsa.
Mai gindi gidanta kan fi ƙanƙanta.
Haka zuriya ke tsukewa, kaɗan-kaɗan,
har ranar da wata za ta yar da bangon duka
ta kumbura tsirara cikin ruwa, ta fara sabo.

Da dare ta hau taragon lantarki zuwa gida.
A saman kabad akwai murfin tukunyar mahaifiyarta;
tukunyar tana Ulan-Ude wajen Sesegma
tun ranar rabon kaya.
Shekara shida ba wadda ta kira wata.
Ta sauko da shi, ta goge,
ta gwada shi kan tukwanenta huɗu.
Duk ya yi musu yawa.