Sawu Huɗu a Kan Siminti

Wata uku ina kallon bayan gidanmu na Sheffield,
ciyawa, igiyar shanya, keken Nafi'u da tsatsa ta cinye,
sai ran wata Asabar na ce a yi ta ta ƙare,
na kafa turaku huɗu, na ja igiya na shata.

Maigidan ya leƙo ta taga da kofin shayi:
"Uwani, akwai na ƙarfe a kanti, mai ƙafafu, fam arba'in."
Na ce irin wanda iska ta kifar bara,
ta watsa gawayi har cikin furannin maƙwabta?
'Yar magini ce ni.
Ba na gasa nama a kan abin da ke rawa.

Baba bai taɓa rubuta lissafi ba, a ka yake ajiye shi:
kwano ɗaya siminti, biyu yashi, uku tsakuwa,
ruwa kuwa kamar gishiri a miya,
in ya zarce ba a tsamo shi.
Shekara sha ɗaya da binne shi a Funtuwa,
amma da shebur ya shiga hannuna
sai na ji shi a bayan kunnena:
juya daga ƙasa, ke, daga ƙasa.

Dattijo Desmond na gidan hagu,
da ya yi shekara talatin yana zuba kwalta a titunan garin nan,
ya miƙo min ma'auni ta saman shinge,
ya tsaya yana kallon 'yar kumfar
har ta zauna a tsakiya,
sannan ya gyaɗa kai ya koma wajen tumatirinsa.

Bulo sahu biyar, rodi a ciki.
Kogo a dama don buhun gawayi,
fili a hagu inda ƙuli da yaji za su zauna.
Na kafa katako, na zuba saman,
na bubbuga gefe da guduma har iska ta fice,
na shafe shi sumul kamar goshin jariri.
Hadarin garin nan ba ya sallama.
Muka ruga da leda ni da Nafi'u, muka danne da duwatsu.

Da asuba na fito da fitilar waya.
Ledar ta yaye ta kusurwa ɗaya.
Sawu huɗu, ƙanana, a jere:
yanyawar unguwa ta bi ta kai cikin dare,
ta ɗan tsaya a tsakiya kamar mai shawara, ta wuce.

Na ɗauko cokalin gini, siminti ya riga ya kama.
Na zauna a kan bokiti na rafka tagumi.
Desmond ta shinge ya ce, "Bar shi,
mai unguwa ce ta sa miki hannu."

Kwana ashirin da takwas muka ba shi ya yi ƙwari.
Ran da aka hura wutar farko
mutanen Rotherham suka zo, na Leeds mota biyu,
hayaƙin tsire ya haura rufin gidaje,
Desmond ya ci yaji, ya share hawaye, ya sake miƙo faranti.
Mai fam arba'in shi ya riƙe mafici
yana ce wa baƙi, "Ai mun sha aiki."
Na ƙyale shi.

Da aka watse ina goge saman,
sai ga maiƙo ya taru a sawun nan huɗu yana ƙyalli.
Na ajiye ƙashi ɗaya a kusurwa,
na kashe fitilar waje.