Garmasis ɗin Gwaggo Tasalla

A Maiwurno, bayan gidanmu kogi ne,
a ƙarƙashin gadon igiya kuwa akwatin ƙarfe,
a cikin akwatin, naɗe cikin ƙamshin sandal,
mayafin alharini ɗaya tak
da ya ishi unguwa.

Garmasis ake ce masa a nan.
Gwaggo ta sayo shi a kasuwar Umdurman
da kuɗin awaki uku da ɗan kunnenta,
shekarar da aka yaye babana.

Zaren tsaye ja ne, zaren kwance kore.
Masaƙin bai raba musu gardama ba,
ya haɗa su, ya bar wa rana hukunci.
Shi ya sa Batulu ta rantse ja ne wur
daren da aka lulluɓa mata shi,
angonta Attayyib, daga bakin ƙofa,
ya ce wallahi wuyan tattabara ya gani.
Shekara talatin ke nan, ba wanda ya janye.

Ya rufe ƙafafun masu jego.
Ya rufe Mudassir ranar kaciya,
ga ma inda ya ciza a gefe.
Ga ƙunar rushin gahawa kamar ƙwayar gero,
ga ɗigon lalle, ba a san na wa ba.
Gwaggo ba ta riƙe sunan mai aro,
takan ce zane ya san hanyar gida.

Ran da ta cika, da la'asar sakaliya,
da shi muka rufe ta kafin likkafani ya iso.
Na tsaya wajen kai, na ga ja.
Na koma wajen ƙafa, na ga kore.
Na yi ta kai da komo kamar mai neman allura,
ko akwai inda zan tsaya in ga duka biyun.
Babu.

Yanzu makullin a wuyana yake.
Jiya 'yar gidan Sittana ta yi sallama,
wai yayarta ta sauka, namiji.
Na buɗe, na girgiza shi a tsakar gida,
ya yi wal, ya yi duhu, ya sake wal.
Na ce riƙe da hannu biyu,
kada ki bi ta shingen ƙaya.
Ta ce, Inna, wai wane launi ne?
Na ce, je ki dai, ana jiran ki.